Yadda za ka shiga ƙungiyar masana tarihin ƙwadago, da abin da za ka riƙo a hannu

Akwatin ƙarfe ne ya jawo ni cikin wannan harka. Wata dattijuwa ce ta aika a kira ni, don ta ji an ce ina koyar da tarihi a makarantar sakandare. Mijinta ya yi shekara goma sha ɗaya yana sakataren reshen ƙungiyar ma'aikatan wata masaƙa. Ya rasu, masaƙar ma an rufe ta, ita kuma za ta tashi daga gidan. Ta ce, "Malam, ga kayan marigayi nan. Yara sun ce a ƙona, ni kuwa zuciyata ba ta ba ni ba. Duba ka gani ko akwai mai amfani."

Da na ɗaga murfin, ƙurar tsohuwar takarda ta buge ni. Littattafai uku ne masu baƙin bango, waɗanda ake rubuta abin da aka tattauna a taron reshe, da rasit na kuɗin ƙungiya an ɗaure su da zare, da takardun kora guda bakwai da aka buga da tafireta, da hoto ɗaya na mutum goma sha huɗu cikin kakin aiki a bakin ƙofar masaƙa. Gara ta ci gefen littafi na biyu. A wani shafi an jera da jan biro sunayen waɗanda inji ya cinye wa yatsu cikin shekara guda, kowane suna da kuɗin diyyar da aka ba shi a gefe.

Akwatin nan ya yi wata shida a ƙarƙashin gadona. Na san abin da ke ciki yana da daraja, amma na rasa ta inda zan kama shi. Tarihin da aka koya mana, wanda ni ma nake koyarwa, na sarakuna ne da yaƙe-yaƙe da gwamnoni. Ba wanda ya taɓa nuna mini yadda ake karanta rasit. Sai wani tsohon malamina ya ce da ni, "Ai akwai waɗanda aikinsu ke nan. Suna da ƙungiyoyi, suna da mujallu. Neme su." Abin da na koya a wannan nema shi zan shimfiɗa a nan, domin malamin makaranta irina, da ɗalibi mai neman abin da zai rubuta kundinsa a kai, da tsohon ɗan ƙwadago da ke jin ciwon yadda ake mantawa da abin da suka sha.

Ka fara da sanin su wane ne

Ƙungiyar masana tarihin ƙwadago ta Birtaniya, wadda ake kira Society for the Study of Labour History, an kafa ta a shekarar 1960. Asa Briggs ne shugabanta na farko, kuma masana irin su Eric Hobsbawm da John Saville na cikin waɗanda suka raine ta. Ta fara da 'yar ƙaramar takardar labarai, wadda a 1990 ta zama mujallar Labour History Review. Ostareliya ta kafa tata a 1961, mujallarta Labour History ta fara fita a 1962, kuma tana da rassa a manyan biranen ƙasar. Mutanen Wales sun kafa Llafur a 1970, na Ailan sun kafa tasu a 1973 da mujallar Saothar, kuma kalmomin biyu duk aiki suke nufi a harsunansu. Kanada tana da kwamiti mai buga Labour/Le Travail tun 1976, da Ingilishi da Faransanci. Indiya ta kafa ƙungiyar masana tarihin ƙwadagonta a 1996. Ta Amurka, LAWCHA, sai a 1998 ta zo, mujallarta Labor kuma a 2004.

Sunaye da shekaru ke nan. Abin da ya fi su muhimmanci shi ne irin ƙasar da suka tsiro a kai. Littafin E. P. Thompson na 1963 kan yadda ajin ma'aikatan Ingila ya ginu, wanda har yau ba a zama a wannan fage ba a ambace shi ba, ya rubuta shi ne lokacin da yake koyar da manya a azuzuwan yamma a yankin Yorkshire, mutanen da suka taso daga aiki suka zauna kan benci. A kudancin Wales, mahaƙa kwal da kansu suka riƙa yankar kwabbai daga ladansu suna gina zaurukan taro masu ɗakin karatu. Da aka soma rufe ramukan kwal, littattafan suka fara tarwatsewa, wasu aka sayar wa dillalai, wasu aka zubar. Sai wasu malaman jami'a a Swansea suka haɗa kai da ƙungiyar mahaƙa suka bi gari gari suna kwaso littattafai da tutoci da takardun rassa, suna ɗaukar muryoyin tsofaffi a kaset, har aka buɗe ɗakin karatun mahaƙan kudancin Wales a 1973. A Afirka ta Kudu ma, zauren tarihi na jami'ar Wits da aka kafa a 1977, bayan yajin aikin Durban na 1973 da boren Soweto na 1976, ya riƙa buɗe ƙofa ma'aikata su cika harabar jami'a su ji tarihinsu.

Na kawo waɗannan ne don ka cire tsoro. Mutane da yawa suna ganin ƙungiyar masana sai mai digirin digirgir. A wannan fage dai, tun ran gini tun ran zane, malamin jami'a da mai kakin aiki tare suka aza tubalin, kuma mafi yawan ƙungiyoyin nan kowa na iya shiga in ya biya kuɗin shekara.

Akwai wani bambanci da ya ci mini lokaci kafin in gane shi. Ƙungiyar masana daban, ma'adanar takardu daban, gamayyar cibiyoyi daban. Cibiyar tarihin zamantakewa ta Amstadam, wadda Nicolaas Posthumus ya kafa a 1935, ma'adana ce da wurin bincike, a can ne mafi yawan takardun Karl Marx da Friedrich Engels suke. Ba ƙungiya ba ce da ake shiga, zuwa ake yi a yi karatu, ko a duba abin da suka ɗora a intanet. IALHI, da aka kafa a 1970, gamayya ce ta ɗakunan karatu da ma'adanai, cibiyoyi ne 'ya'yanta. ITH kuma, gamayyar ƙasa da ƙasa mai shirya taron masana tarihin ƙwadago, wadda ta fara a 1964 a Ostiriya, taronta na birnin Linz ya kasance wurin da masanan gabas da na yamma ke haɗuwa ido da ido a zamanin yaƙin cacar baka. In kai kaɗai ne da akwatinka, ƙungiyar masana za ka fara nema.

Zaɓi guda ɗaya, ka karanta mujallarta kafin ka ce uffan

Kada ka yi rajista da uku a lokaci guda. Dubi harshen da kake iya karatu da shi ba tare da wahala ba, ka dubi irin aikin da kake nazari. Mai binciken ma'aikatan tashar jiragen ruwa ko na jirgin ƙasa a ƙasar da Ingila ta mulka zai ci moriyar ta Birtaniya, don takardun kamfanoni da na ofishin mulkin mallaka suna can. Mai binciken leburorin da ba su da takardar ɗaukar aiki, 'yan dako da masu aikin gida da masu gini, zai tarar mutanen Indiya sun riga shi nisa a wannan hanya. Ka duba jadawalin kuɗin shiga da kyau, galibi akwai rangwame ga ɗalibai da marasa aiki da 'yan fansho. In ma ba ka da halin biya tukuna, tsofaffin fitowar Labour/Le Travail suna intanet kyauta, kana iya soma karatu yau.

Yadda na karanta su kuwa shi ne daga baya zuwa gaba. Sashen bitar littattafai na ƙarshen mujalla shi ne kasuwar, a nan za ka ji abin da ake gardama a kai, da wanda ake ganin ya yi zurfi da wanda ake ganin ya yi ha'inci wajen hujja. Bayan nan ka ɗauki maƙala guda ka bi 'yan bayanan da ke ƙasan shafi ɗaya bayan ɗaya. Tambayarka ita ce, wannan mutum ina ya samo wannan magana? Za ka ga rahoton sufeton masana'antu, da shari'ar kotu, da littafin albashi, da waƙar yajin aiki, da hira da tsohuwa. A ƙasan shafin nan na fara gane cewa rasit ɗin da ke akwatina hujja ce irin wadda manyan masana ke tsayawa a kai.

Wasiƙar farko

Kowace ƙungiya tana da sakatare ko mai kula da 'yan ƙungiya, kuma kusan dukansu aikin sa kai suke yi bayan nasu aikin. Saboda haka kada ka aika musu da "ina sha'awar tarihin ƙwadago, ku taimaka mini". Ba su san ta inda za su taimaka maka ba. Faɗi abin da ke hannunka, da yawansa, da shekarunsa, sannan ka yi tambaya guda. Ni abin da na rubuta bai wuce layi shida ba: ina da littattafan taron reshen ƙungiyar masaƙa guda uku, shafi 412, na shekara goma sha ɗaya a jere, da takardun kora bakwai, ko akwai wanda ya yi aiki a kan masaƙu da zai nuna mini yadda ake karanta irin wannan?

Bayan sati uku wata farfesa da ta yi ritaya ta amsa. Ba ta ba ni jerin littattafai ba. Tambayoyi uku ta yi mini. Wa ya riƙe alƙalami? A ina rubutun hannun ya canza? Su wa suke biyan kuɗin ƙungiya amma ba a taɓa jin muryarsu a taro ba?

Na koma kan tabarma na baza littattafan. A littafi na biyu, dab da inda gara ta ci, rubutun marigayi mai kwanciya ya ɓace, wani rubutu mai tsayi ya karɓa har wata huɗu, sannan nasa ya dawo. Cikin wata huɗun nan ba a ambaci dalili ko sau ɗaya ba. Na koma wurin dattijuwar na tambaye ta. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Lokacin da aka tsare shi ke nan, bayan yajin aiki. Ina da cikin na uku." Tambaya ta uku kuma rasit ya amsa ta. Sunayen mata sun kai kashi ɗaya cikin huɗu na masu biyan kuɗi, amma a shafi 412 mace sau biyu kawai aka rubuta ta yi magana. Wata shida ina kallon akwatin nan ban ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Amfanin ƙungiya ke nan a wurina, kafin tallafi, kafin taro: a samu wanda ya san tambayar da za a yi wa takarda.

Yadda za ka riƙe takardun

A nan zan daɗe, don nan ne ɓarna ta fi yawa, kuma ɓarnar da ba ta gyaruwa.

In takardu suka zo hannunka, kada ka sake musu tsari. Yadda mai su ya ɗaure su, da abin da ya sa kusa da me, shi ma bayani ne. Takardun kora bakwai ɗin nan a cikin littafi na biyu na same su, a daidai watannin da rubutu ya canza, kuma da na zare su na haɗa da sauran wasiƙu don "tsabta", da na yanke igiyar da ta haɗa labarin. Ɗauki hoton kowane shafi da waya, cikin hasken rana ba tare da fitilar wayar ba, har da bango da shafukan da ba komai. Cire ƙusar takarda da ta yi tsatsa a hankali. Kada ka manna salatif a inda ya yage, kada ka kai a lulluɓe da roba mai zafi, duka biyun suna kashe takarda. Nisanta su da ƙasa da bango mai danshi. Sannan ka yi jeri mai sauƙi: mene ne, na wace shekara, shafi nawa, wa ya ba ka, yaushe. Hotunan kuma ka ajiye su wuri biyu da ba ɗaki ɗaya ba.

Ka tuna takardun ba naka ba ne. Ka zauna da iyalin, ko da shugabannin reshen, ku rubuta abin da aka yarda: aro ne ko kyauta, ana iya bugawa ko a'a, ina za su koma in ka gama. Masaukinsu na ƙarshe ya kamata ya zama ma'adanar da kowa zai iya zuwa ya duba, kuma 'yan ƙungiyar masana su ne suka san wace ma'adana ce ke karɓa ta kuma kula.

Abin da ya sa nake zafi a kan wannan, na taɓa zuwa wani ofishin ƙungiya da aka ce mini suna da fayil-fayil na shekara talatin. Na tarar an kwashe su wata biyu kafin zuwana, don a sami wurin ajiye janareta. An zuba su bayan gini, damina ta gama da su. Na tsuguna na ɗaga wani dunƙule, ya narke a hannuna kamar dusa, sai kan takarda guda da ake iya karanta kwanan wata a kai. Wanda ya ba da umarnin ba mugu ba ne, bai taɓa jin wani ya ce masa waɗannan abubuwa suna da amfani ba. In kana da masaniya da wani reshe, je ka faɗa musu tun yau.

Kada kuma ka tsaya ga bakin ma'aikata kaɗai. Ma'adanar jami'ar Warwick a Ingila, da aka buɗe a 1973, tana riƙe da takardun babbar ƙungiyar ƙwadagon ƙasar, tana kuma riƙe da na ƙungiyar masu masana'antu, a gini ɗaya. Haka ya kamata. Littafin albashin kamfani yakan faɗi abin da jawabin shugaban ƙungiya ya ɓoye, shi ma yakan ɓoye nasa. Duk inda aka yi babbar tarzoma kuma, gwamnati kan kafa kwamitin bincike. An yi haka bayan an harbe mahaƙa kwal 21 a Inugu ranar 18 ga Nuwamba 1949, an yi haka bayan 'yan sanda sun kashe mahaƙa 34 a Marikana ta Afirka ta Kudu ranar 16 ga Agusta 2012. Hukuncin kwamiti abu ne na hukuma, ka karanta shi da wannan sanin. Shaidar da mutane suka bayar a gabansa ita ce taskar, don a nan ne lebura ke magana da bakinsa a rubuta.

Hira da waɗanda suka yi aikin

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma sai ka iya roƙonta. Mutum na farko da na yi hira da shi tsohon mai gyaran injin saƙa ne. Na kunna rakoda na ce, "Baba, ba ni labarin yajin aiki." Ya gyara zama ya yi mini jawabin minti arba'in, irin wanda ya saba yi a taro, zalunci da haƙƙi da haɗin kai. Duk gaskiya ne, amma babu abin da ba zan samu a jarida ba.

Da na koma karo na biyu sai na ce, "Baba, ranar da ka fara shiga ɗakin saƙa, me ka fara gani?" Ya yi dariya ya ce gani ba shi ne ba, ji ne, ƙarar inji ta sa ya yi kwana uku kunnensa na kuka. Ya ce a ciki ba a magana, leɓe ake karantawa. Sai ya zaro zare daga bakin rigarsa ya tsinka, ya ƙulla shi da yatsu biyu ba tare da ya duba ba, ƙulli ƙarami har ba na iya ganinsa. Ya ce, "Wannan sau ɗari nawa a rana, in ka yi jinkiri mai duba aiki ya rubuta lambarka." Daga lambar nan muka shiga tara, daga tara muka shiga yadda ake yanke lada, daga nan yajin aikin ya zo da kansa, da sunayen waɗanda suka fara kashe inji.

Saboda haka ka fara da hannu da jiki da agogo. Ƙarfe nawa ake shiga, ina ake cin abinci, nawa ne ladan farko, me aka saya da shi, wa ya koya maka aikin. Ka nemi izini a cikin rakodar kanta, ka faɗi abin da za ka yi da maganar. In ya ambaci wanda ya ci amanar yajin aiki, ka tuna mutumin yana da 'ya'ya da jikoki, ka yi shawara kafin ka buga suna. Ka nemi matan, na cikin masana'anta da na gida waɗanda suka riƙe tukunya watannin da ba albashi. Kuma kada ka jinkirta. Na yi wa Baba alkawarin zama na uku, jarrabawar ɗalibai ta riƙe ni, da na je an yi sadakar bakwai.

Taro da rubutu

Ƙungiyoyin nan suna kiran taro, wasu duk shekara, wasu bayan shekara biyu, kuma sukan fitar da sanarwar neman maƙala watanni kafin lokaci. Abin da ake aikawa taƙaitaccen bayani ne da bai cika wuce kalma 300 ba. Faɗi tambayarka, faɗi hujjar da ke hannunka, faɗi abin da ka gano. Kada ka yi alkawarin tarihin ma'aikatan ƙasa gaba ɗaya. Reshe guda a wata huɗu ya fi ƙarfi. A wurin taron minti ashirin ake ba mutum, wato kamar shafi takwas in ka karanta a natse, don haka ka gwada da agogo a gida. Tun 2020 taruka da yawa suna barin mutum ya gabatar ta intanet. Ta Birtaniya tana ba da ƙananan tallafi na zuwa ma'adana, ta Amurka tana taimaka wa ɗalibai da kuɗin tafiya taro, tana kuma da kyautar kundin digiri mai sunan Herbert Gutman. Karanta sharuɗɗan kowane tallafi kafin ka ɓata dare kana cike fom, don wasu na ɗaliban wasu jami'o'i ne kawai.

Mujalla kuwa, maƙala takan je hannun masu tantancewa biyu da ba ka san su ba, ta yi watanni, ta dawo da gyare-gyare. Tawa ta farko ta dawo da shafi uku na tambayoyi, mafi zafinsu ita ce me ya sa na gaskata duk abin da sakatare ya rubuta. Tambayar tana kan hanya. In maƙala ta yi maka nauyi, fara da bitar littafi, ko gajeren rubutu da ke gabatar da takarda guda da bayaninta. Editoci suna neman masu irin wannan.

Akwai abin da nake riƙe da shi game da ƙungiyoyin nan, kuma ina faɗa a gabansu. Sun daɗe suna ɗaukar ma'aikaci a matsayin namiji mai katin ƙungiya a masana'antar Turai ko Amurka. Marcel van der Linden na cibiyar Amstadam da wasunsa sun yi ta fama a faɗaɗa ma'anar ta haɗa da bayi, da leburorin kwantiragi da aka kwasa daga nahiya zuwa nahiya, da 'yan aikin gida, da manoman da ke noma gonar wani. An samu canji, amma da saura. Hukumar ƙwadago ta duniya, ILO, ta faɗa a rahotonta na 2018 cewa mutum biliyan 2, sama da kashi 60 cikin 100 na masu aiki a duniya, suna aikin da ba ya cikin rajistar hukuma. Waɗannan ba su da littafin taro mai baƙin bango. In su kake nazari, kada ka shiga taro kana jin ka zo da ƙaramin abu. Ka zo da abin da fagen ya fi rashi.

Kai shi aji

Rabin manufar ƙungiyoyin nan koyarwa ce, kuma da yawansu suna da kayan darasi da malamai suka shirya. Ni darasin da ya fi kama ɗalibaina shi ne gobarar masana'antar riguna ta Triangle a New York, ranar 25 ga Maris 1911, inda mutum 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata baƙin haure. Jami'ar Cornell ta ɗora shaidun a intanet. Nakan raba aji uku, wasu su karanta maganar waɗanda suka tsira game da ƙofar da aka kulle, wasu maganar masu masana'antar, wasu abin da kotu ta yanke, don an sallami masu masana'antar a shari'ar. Sai in tambaye su, da wace hujja? Ajin da ba ya magana ranar nan sai na tsawatar kafin a yi shiru.

Bayan nan sai in ba su aikin da na aro daga Sven Lindqvist na Suwidin, wanda a 1978 ya rubuta jagora yana ce wa ma'aikata su tona inda suke tsaye, wato su binciki tarihin wurin aikinsu da kansu, don sun fi kowa sanin sa. Kowane ɗalibi ya nemi babba guda a danginsa ya tambaye shi aikinsa na farko, ya kawo shafi biyu, in da hali da hoton wani abu, katin aiki ko takardar albashi ko kayan aikin kansa. Shekara huɗu ke nan ina tara su, da izinin masu su.

In babu reshe kusa da kai

Kafa naka. Edmund da Ruth Frow a cikin gidansu suka fara tara littattafai da ƙasidun ma'aikata, suna yawo gari gari suna saye, har gidan ya cika, a 1987 aka mayar da tarin wani gini a garin Salford na Ingila, yau ɗakin karatu ne da masu bincike ke zuwa daga ko'ina. Mutum biyar sun isa. Mu da muka fara, malamai biyu ne, da ɗaliba guda, da tsofaffin ma'aikata biyu. Ku sa rana guda a wata wadda ba ta motsi. Kowane zama mutum ɗaya ya kawo abu ɗaya, takarda ko hoto ko muryar da ya ɗauka, a yi awa guda a kai. Ku naɗa mai rubuta abin da aka tattauna da mai riƙe kuɗi, ko da kuɗin na kwafin takarda ne kawai. Ku yi zumunci da ƙungiyoyin ƙwadago, ku gayyace su, amma kada ku zauna ƙarƙashin wani ɓangare ko wata jam'iyya, don ranar da takarda ta faɗi abin da bai yi wa shugaba daɗi ba za ku so bakinku ya zama naku. In kun shekara, ku rubuta wa babbar ƙungiyar da kuka zaɓa ku gaya mata kuna nan, ku aika da jerin abin da kuka tara.

A zamanmu na huɗu na gayyato dattijuwar. Na sa an faɗaɗa hoton nan na bakin ƙofar masaƙa, muka shimfiɗa shi kan tebur. Ta sa tabarau, ta ɗora yatsa kan na farko daga hagu ta faɗi sunansa da sashen da yake aiki, ta wuce na biyu. Da ta zo kan mijinta ba ta tsaya ba, ta ce "wannan shi ne" ta ci gaba. Ta kawo tara cikin goma sha huɗu. Ɗaya daga cikin tsofaffin ma'aikatan ya ƙara biyu, suka yi ɗan musu a kan na ƙarshen layi, ko ɗan sashen rini ne ko direba. Saura uku. Ɗalibar ta yi kwafi goma na hoton, za ta kai wurin da tsofaffin ma'aikatan masaƙar ke taruwa ranar tantance 'yan fansho, da biro ɗaure a jikin kowanne.